Ranar da Na Ci Kifi a Gaban Surukina

Ni ba mai yawan tuna baya ba ce. Ruwa ya taɓa cinye ƙauyenmu, na tsira da zanen da ke jikina. Na rasa miji, na rasa 'ya'ya. Duk waɗannan na bar su inda Allah ya ajiye su, ba na tono su. Amma akwai rana guda da ba za ta fita daga raina ba har a kai ni makwancina, ranar da na zauna a tsakiyar kasuwar Goronyo da rana tsaka na ci kifi, mijin ɗiyata ta fari yana kallo. Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce mi ke cikin wannan. To ya saurara ya ji.

Sana'ata bandar kifi ce. Ita na iske uwata tana yi, a cikinta na tashi. Muna zaune ƙasa da madatsar ruwan Goronyo. Maza su kamo, mu mata mu saya a bakin ruwa, mu gyara, mu naɗe tarwaɗa mu soke ta da tsinke, mu jera a kan murhun laka, mu hura mata ɗanyen ice da ciyawa har ta yi baƙi ƙirin. Ranar kasuwa mu kai. Da wannan na ci, da shi na aurar da 'ya'yana. Hayaƙi ya ci mini ido, ya bar mini tari, amma ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Sai korona ta zo. Mu cutar ba mu gan ta sosai ba, abin da muka gani rufe hanya ne. Aka hana cin kasuwa, motocin da ke zuwa daga nesa su kwashi kifi suka ɗauke ƙafa. Lokacin na yi banda mai yawa, duk jarina yana cikinta, ina jiran a buɗe. Ƙwaro ya riga ni. Ya shiga kifin ya rarake shi, in ka ɗaga kwando sai gari ya riƙa zubowa. Na zuba wa kaji. Daga baya kajin ma na sayar, na bi da awaki. Murhuna da ya daina ganin wuta, damina ta same shi ta narkar da shi, ya koma tudun laka a bayan ɗaki. Da aka buɗe kasuwa kowa ya koma, ni ba ni da abin komawa da shi.

Ɗiyata ta fari tana aure a Wurno. Mijinta yana da motar kaya, yana jigilar albasa tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo. Yaron kirki ne, ba ni da abin faɗi a kansa sai alheri. Amma suruki ne. A wajenmu ɗiyar fari ko sunanta ba ka kira, balle na mijinta. Tun da ya aure ta ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango ni zai tuɓe takalmi ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa, ya gaishe ni, ni ma in amsa ina kallon wani gefe. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi ma haka. Wannan ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma da ita ake gane gidan da ke da tarbiyya.

Wata rana ɗiyar ta zo duba ni. Ta leƙa tukunyata, ta leƙa rumbuna, ta dawo ta zauna bakin ƙofa.

"Inna, ki tattara ki dawo Wurno. Shi yac ce in hwaɗa miki, ya gyara miki ɗaki."

"Ki yi mishi godiya."

"To yaushe za a zo ɗaukarki?"

"Ban ce a zo ba."

"Inna, don Allah mi za ki ci nan?"

Na ce, "Abin da nac ci jiya." Jiyan kuwa ganyen tafasa na dafa na ci da gishiri, kuma ta sani. Ta sa kuka. Ni ba na iya rarrashi, sai na ce mata, "In kaka ta wuce ban tashi ba, ku zo da motar."

Ba girman kai ba ne. Na san abin da ke jirana a ɗakin nan. Zan zauna in jira a kawo mini kwano daga aljihun suruki, in ɓuya in ci, in ɓuya in sha, in ji takunsa in shige ciki, haka har in mutu. Za su kula da ni, ban yi shakka ba. Amma macen da ta ci da hannunta tun tana yarinya, in ka zaunar da ita haka, ka gama da ita ne tana numfashi.

Ana cikin haka wasu mutane suka zo ƙauyenmu. Ban fita ba da farko, don mun saba da masu zuwa da mota su raba taliya, su ɗauki hoto, ba ka ƙara ganinsu. Maƙwabciyata ce ta ja ni. Ashe wata ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ta gwamnati ba, tana bin masu ƙananan sana'o'in da korona ta karya tana tayar da su. An ce sun je Lahodu da Kwargaba wajen masu albasa, sun je Rara wajen mata masu gyaran shinkafa. Wadda ke jagorantar su wata yarinya ce 'yar Sakkwato, muna ce mata Malama. Ba ta hau kujera ba, tabarma ta zauna tare da mu, tana tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta ce, "Inna, ke mi kike so?"

Na ce, "Wuta da kihi."

Ta yi dariya. "Shi ke nan?"

"In kin ba ni su, sauran aikina na."

Ta kawo su kuwa. Ba ni kaɗai ba, mu mata masu banda ta haɗa mu ta ba mu murhu guda, da gawayi, da kifin farawa. Murhun nan na ƙarfe ne, dogo, da ƙofa, ciki ragar waya hawa-hawa, gawayi a ƙasa, hayaƙi ya bi bututu ya fice ta sama. Da na gan shi na ce wannan ai kabad ɗin amarya ne. Malama ba ta ji haushi ba. Ta naɗe hannun riga ta shiga gyaran kifi da mu, ta nuna mana yadda ake juya ragar da yadda ake rage wuta, ta koma gida tana ƙarnin kifi kamar ɗiyar masunta. Ba zuwa ɗaya ta yi ba. Ta yi ta zuwa har hannunmu ya faɗa.

Ranar da muka buɗe ƙofar murhun karon farko muka tsaya muna kallo. Kifin bai yi baƙi ba. Ya fito ja-ja-ja, ruwan zuma, yana ƙyalli, ya bushe har ƙashi. Idona bai yi hawaye ba, ban yi tari ko sau ɗaya ba. Na ɗauki guda na shiga ɗaki na ci. Haushi ya kama ni, don na gane shekaruna duka ƙona kifi nake ina cewa banda nake yi. Na ajiye wani a kwando ya daɗe, ƙwaro bai kusance shi ba. Na ce a raina, to, na tashi.

Ashe da sauran aiki.

Tsakanin masunta da mahauta akwai wasa tun kakanni. Ba ma haɗuwa mu rabu lafiya, sai an yi ba'a, kuma ba mai fushi. A kasuwar Goronyo akwai wani tsohon mahauci, tsaran marigayi mijina, rumfarsa tana kallon layin masu kifi. Shi yana ce mini 'yar kwaɗi, ni ina ce masa sarkin ƙudaje. Ranar da na fara kai sabon kifin, ina buɗe kwando ya leƙo, ya dafe kai.

"Jama'a, ku zo ku gani! Kihin 'yan ruwa ya kamu da korona! Dibi yadda yay yi hwari hwat, ko jini babu!"

Na ce, "Gara shi an wanke shi. Namanka ƙuda sunka yi mishi riga da wando."

Aka kwashe da dariya, ni ma na dara. Wasa ne irin wanda muka shekara muna yi. Amma kalmar ta fita daga bakinsa ta shiga kasuwa, ba ta dawo ba. Kafin azahar ina jin mutane suna nuna kwandona suna cewa kihin korona. Lokacin kuwa ana tsakiyar surutun allurar rigakafi, kowa da abin da ya ji. Kafin wata kasuwar maganar ta yi ƙafa da hannu. Aka ce baƙin nan sun sa magani cikin akwatin ƙarfen, shi ya sa kifin ba ya baƙi, kuma duk wanda ya ci ba zai ƙara haihuwa ba. A wajenmu an yarda kifin banda sai ya yi baƙi ne ya dahu. Ga kifi ba baƙi, ga baƙi sun kawo murhun, ga korona. Ba wanda ya tsaya tambaya.

Na yi ta kai kifi ina dawowa da shi. Mata su zo wucewa su ja mayafi su rufe hanci. Waɗanda na yi shekaru ina sayar wa sai su gaishe ni daga nesa su wuce wajen mai baƙin kifi. Mahaucin ya zo ya durƙusa kusa da ni, fuskarsa duk ta canja.

"'Yar kwaɗi, wallahi wasa ni kai."

"Na sani."

"Na hwaɗa musu ƙarya ta, sun ce an ba ni kuɗɗi in canza magana."

"To koma wajen ƙudanka."

Ban riƙe shi ba. Mutumin kirki ne, bakinsa ne ya fi shi sauri.

Matan da muke tare suka fara zamewa. Wata ta ce a sayar wa maƙera murhun a raba abin da aka samu. Wata ta ce a riƙa shafa wa kifin baƙin tukunya kafin a kai kasuwa, kowa ya huta. Na ce ban tsufa don in shafa wa kifi baƙin tukunya ba, kuma duk wadda ta taɓa murhun nan da ni za ta yi. Malama ta zo hankalinta a tashe. Ta ɗauki kifinmu ta kai birni, aka saye shi tas, ta kawo mana abinmu. Wannan ya riƙe mu, ba zan manta mata ba. Amma na ce mata, "Motarki ba kullum za ta zo ba. Kassuwata nan take." Sai ta ce, "Na yi tunanin kawo ma'aikacin lahiya shi yi bayani, Inna. Amma in mai hwarar riga ya tsaya kusa da kihin ga, cewa za su yi ga shi ya tabbata." Na ce haka ne. Ta ce, "To mi za mu yi?" Na ce ta zo ranar kasuwa, amma ta tsaya nesa da ni.

Lokacin an gama yankan gero, an kai dawa gida. Kaka ta wuce ke nan. Ɗiyata ta aiko cewa in kasuwa ta tashi wannan karon, motar za ta biyo ta ƙauye ta ɗauke ni. Ni na yi alkawarin, ba ni da bakin musu.

Ranar ban je layin masu kifi ba. Na ɗauki tabarmata na shimfiɗa a tsakiyar fili, inda motoci ke lodi, inda kowa ke bi. Na jera kifi a faranti, na kwance ƙullin yaji, na wanke hannu, na yi bismilla. Tsohuwa irina ta zauna a tsakiyar kasuwa tana tauna, wannan kaɗai abin kunya ne, ban taɓa yi ba. Amma na lissafa cewa in sun ga ina ci da bakina, maganar ta mutu.

Na kai loma ta farko ke nan na hango motar surukina. Tana can gaba ana ɗaure mata buhuna, shi yana tsaye a gefe da igiya a hannu. Na san yana zuwa kasuwar, amma ban zaci a filin zan same shi ba. Na ji kamar in naɗe tabarmar in gudu. Shi ma ya gan ni, ya saki igiyar ya zagaya bayan buhunan albasa ya ɓuya. Na ce a raina abin da ya gani ya riga ya gani. Na ci gaba da ci.

Mutane suka taru. Masu lodi suka bar lodi, mata suka tsaya da kaya a kai. Na cinye guda, na ɗauki na biyu. Na fara ganin fuskoki suna sakewa. Sai wata dillaliyar kifi, ƙatuwar mace mai baki, wadda ke sarar banda tana kaiwa Rabah, ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke Inna, ki cinye kwandon duka in kina so! Ke da haihuwa ai kun yi bankwana tun tuni. Mi kihin zai hana miki?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Kifin ya koma kamar yashi a bakina, don gaskiya ta faɗa. Ni ban yi wannan tunanin ba. Na zubar da mutuncina a banza. Mahaucin ya ratso mutane da gudu yana cewa, "Ni in ci! Ku ba ni in ci ku gani!" Wani daga baya ya ce, "Zauna, Baba, kai ma ka daɗe da ajiye aiki!" Dariyar ta fi ta farko. Mahaucin ya ja da baya.

Mutane suka fara juyawa za su watse. Na san in suka watse, shi ke nan, da la'asar ina cikin motar nan da ƙullin kayana. Na duba hagu, na duba dama. Abin da ake bukata namiji mai ƙuruciya, mai mata a gida, wanda kowa ya san ba zan cuce shi ba. Mutum ɗaya ne haka a duk kasuwar, yana bayan buhunan albasa.

Na ɗaga kai na kalli wajen. Na ce, "Malam mai motar albasa. Zo nan."

Ban taɓa kiransa ba sai ranar. Waɗanda suka san mu suka tsaya cak, suka riƙa raɗa wa waɗanda ba su sani ba. Ya fito a hankali kamar wanda za a yi wa hukunci. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa.

"Matso."

Ya ɗan matso.

"Hau tabarma."

"Inna..."

"Wanke hannunka."

Kasuwar nan mai hayaniya ta yi tsit, har kukan akuya ana ji daga can layin dabbobi. Gumi yana zuba daga goshinsa. Mahaucin ne ya ɗauko buta ya zuba masa ruwa. Na zaɓi tarwaɗa mafi girma, na ɓare ta, na tura masa tsakiyar. A nan na ga fuskarsa sosai karon farko. Ashe yana da ɗan tabo a gira, shekaru yana auren ɗiyata ban sani ba.

Na juya wajen mutane. Ni ba mai dogon zance ba ce, ranar ma ban yi ba. Na ce, "Wanga mijin ɗiyata na, ta hwari. Kun san shi, kun san ni. Jikoki nike so wajenai, ban ƙoshi ba. In kihin ga na hana haihuwa, gidana zai hwara kashewa." Na dube shi na ce, "Ci."

Ya ɗan juya mini kafaɗa, ya yi bismilla, ya kai baki. Ni ma na ɗauki nawa. Muka ci a faranti ɗaya, ni da surukina, duk Goronyo tana kallo. Kunnuwana suna zafi, ban san ɗanɗanon abin da nake taunawa ba. Ya cinye tsakiyar, ya ja wutsiyar ya cinye. Na zaci zai tashi ya gudu. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa, kansa har yanzu a sunkuye.

"Inna, akwai sauran yaji?"

Kasuwa ta fashe. Ihu, tafi, guɗa, wani yana buga gefen mota kamar ganga. Mahaucin ya cire hula ya jefa sama yana cewa, "Kun gani! Ɗan albasa ya shiga ruwa, ya zama kwaɗo!" Dillaliyar nan ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Wallahi babu macen da za ta zubar da kunyar suruki don kwandon kihi. Matar ga gaskiya ta riƙe." Ta durƙusa ta ɓalli kifi ta jefa a baki. Ta tauna, ta ƙara ɓalla. Ta ce, "Nawa kwandon?" Na ce ba na sayar mata duka, akwai mutane a bayanta. Akwai su kuwa. Kafin la'asar ko ƙaya ba ta rage ba, har wanda sauran matan suka ɓoye a gida aka aika aka ɗauko. Can nesa na hango Malama a gindin wata rumfa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban sani ba dariya take ko kuka. Ta zo ta kama hannuna. Na ce mata, "Gawayi ya kusa ƙarewa." Ta ce, "Inna, ke dai!"

Motar ba ta biyo ta ƙauye ba ranar.

Ba zan ce abin bai ci mini komai ba. Ɗiyata ta daɗe ba ta zo ba, da ta zo ta ce, "Inna, kin kashe mu Wurno, ko rijiya ban iya zuwa." Har yau akwai tsofaffin da in na wuce suke taɓe baki, suna cewa ga wadda ta ci da suruki. Ba na amsa musu, don da wata ce ta yi, da ni ma na taɓe. Shi kuwa yaron, washegari ya koma yadda yake. In ya hango ni ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa, ni ma in kalli gefe. Ba mu ƙara cin komai tare ba, ba za mu ƙara ba. Sai dai duk ranar kasuwa yana barin wuri a bayan motarsa, ya ɗauki kwandunanmu ya kai Wurno da Rabah, kuma ina biyan shi kuɗin mota kamar kowa. Ya ƙi karɓa da farko. Na aika masa cewa in bai karɓa ba zan sake kiransa tsakiyar kasuwa. Ya karɓa.

Matan da suka zame duk sun dawo, har da wadda ta ce a sayar wa maƙera. Ban tuna mata ba. Ƙungiyar ta kawo wani mai walda na nan Goronyo ta nuna masa yadda ake ƙera murhun, muka haɗa daga ribarmu ya ƙera mana wani. Daga nan Malama ta rage zuwa, ta ce akwai wasu ƙauyukan da ke jira. Na ji ba daɗi, amma na san haka ya kamata. Sunan nan kuwa bai fita ba. Har yau in mutum ya zo layinmu cewa yake, "A ba ni kihin korona," kuma ya fi baƙin tsada.

Shekara ta zagayo ɗiyata ta haihu, namiji. Mahaucin ya ce ba wanda zai feɗe ragon suna sai shi, ya bi mota har Wurno da wuƙaƙensa. An ce yana fiɗa yana gaya wa duk wanda ya shigo, "Ku je ku ga jaririn, ƙato na! Kihi yay yi shi!" Ni ban je ba sai da aka watse, ɗiyar fari ce.

Yanzu na tsufa ƙwarai, amma ni ke buɗe murhuna da safe, kuma abin da ke cikin tukunyata hannuna ne ya kawo shi. Abin da ranar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mutanen kirki za su iya zuwa daga nesa su ba ka wuta, su ba ka kifi, su tsaya tare da kai har ka iya, Allah ya saka musu. Amma akwai wurin da ba za su iya shiga maka ba, don su ba su san abin da mutanenka ke tsoro ba, ba su san abin da mutanenka ke yarda da shi ba. Wannan wurin kai za ka shiga, kuma sai ka biya da abin da ya fi maka tsada. Ni kunya ce ta fi mini tsada, kuma har gobe ina ganin girmanta. An ba ni zaɓi ne tsakanin kunyar yini ɗaya a gaban kowa da ɓuyan sauran rayuwata a ɗakin wani. Na zaɓi ta yini ɗaya. Da za a mayar da ni filin nan, zan sake shimfiɗa tabarmar.